Harajin kashi 5 a kan mai: kowa ya faɗi abin da ya gani a sana'arsa

Malamin makaranta, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganar harajin mai ta yi yawa a gari, kowa da irin tasa. Ina so mu tara a nan abin da kowa ya gani da idonsa. Ga abin da ke rubuce tukuna: ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji huɗu, kuma a cikin ɗaya daga cikinsu akwai ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan fetur da dizal. Kananzir da gas ɗin girki da gas ɗin motoci na CNG ba su ciki. Ba za a fara karɓa ba sai ministan kuɗi ya ba da umarni a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga dokokinta, kuma a Satumban 2025 ministan kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya ce ba su da shirin farawa nan kusa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne muhawarar kanta. Na bi ta a rediyo tun daga taron gwamnonin Arewa a Kaduna a Oktoban 2024, da faɗan Sanata Ndume, da kukan Gwamna Zulum, har zaman jin ra'ayin jama'a a Fabrairun 2025. Duk abin da kunnena ya kama rabon kuɗin harajin sayen kaya na VAT ne, wace jiha za ta samu nawa. Batun mai sai bayan an sa hannu na ji shi, lokacin da ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta yi barazanar yajin aiki.

Mai Keke Napep, Mabera:
Wa'alaikumus salam Malam. Mu ba mu san gazet ba, allon gidan mai munka sani. Ranar da anka ce tallahi ya tahi, 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai 200 ba. Kahin sati ya zagayo ta haye 500, a Oktoban 2024 kuma ta wuce dubu. Mai keke bai rage min balas ba, fasinja kuma in ka ce mishi an ƙara sai ya sauka ya taka da ƙahwa. Na ɗauki mata daga Tsohuwar Kasuwa suna ciniki da ni a kan naira hamsin kamar za mu yi faɗa, kuma ban ga laihinsu ba. In lita tana 900, kashi 5 naira 45 ke nan. Wanda ke ohis zai ce ba komi, ni kuwa lita goma 450 ce, kuɗɗin karin kumallon yara.

Manomin rani, Wurno:
Ƙanena, kai ko banza kana karɓar kuɗi kullum. Mu sai mu zuba wa injin ban-ruwa mai wata uku zuwa huɗu kafin mu ga ko sisi. Shinkafar rani ba ta san an ƙara kuɗin mai ba, ruwanta take so a kan lokaci, in ka tsallake ban-ruwa lokacin da take fitar da kai ka yi asarar shekara. A ranin farko bayan cire tallafi na rage fili, na bar wani ɓangare na fadama haka nan, maƙwabcina kuma ya koma albasa gaba ɗaya. Daga baya muka kai injinan wurin wani bakanike ya sauya musu kabureta suka koma shan gas na tukunya. Ya yi sauƙi, sai dai ɗaukar tukunya a babur zuwa gari a cika ta wani aiki ne, kuma injin ba ya ja kamar da. Masu hali sun sa sola sun huta.

Da Malam ya ce gas ba ya cikin harajin na ɗan ji sanyi. Amma motar da ke kwasar buhunan zuwa Kudu dizal take sha, kuma dillali daga kuɗina zai cire.

Tsohon direban tirela, Kwannawa:
Yara, wanga zance ba sabo ba na. Kashi 5 ɗin nan yana cikin dokar hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA tun 2007: kashi 40 na abin da anka tara na hukumar, 60 na jihohi, don a gyara hanya. Ba a taɓa karɓa ba, sai yanzu anka ɗauko shi anka sa cikin sabuwar doka.

Ni na ga zamanin da anka ƙara kuɗɗin mai kuma munka ga inda sunka tahi. A 1994 Abacha ya kai lita naira 11, ya kahwa asusun rarar kuɗɗin mai na PTF, Buhari ya riƙe ta. Na bi hanyoyin da sunka gyara da allonsu a bakin titi, na amshi magani a asibiti da tambarin PTF a jikin kwalin. Ban ce ba a ci komi ba a ciki, kuma mulkin soja ne, babu majalisar da za ta tambaye su. Amma ido ya gani. A 2012 Jonathan ya kai lita 141 daga 65, anka yi zanga-zanga ta dawo 97, anka kawo shirin SURE-P na yin aiki da kuɗɗin tallahin da anka rage. Wannan kam sunan na ji ya hi aikin da na gani. In za a amshi 45 a lita in ga an toshe ramukan da sunka karya min sifirin tsakanin nan da Gusau, wallahi zan biya ban yi gunaguni ba.

Tsohuwar akanta, Arkilla:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo wurin. Ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Ana ta gardama a kan a karɓa ko kada a karɓa, ba wanda ke tambayar wa zai bi sawun kuɗin bayan sun shiga asusu.

A takarda tsarin yana da kyau. Sashe na 85 na kundin tsarin mulki ya ce babban mai binciken kuɗi na tarayya ya duba asusun gwamnati ya kai rahoto majalisa, kwamitin asusun jama'a ya zauna a kai. Jihohi ma haka, a sashe na 125. A aikace kuwa, na yi aiki a wani ofishi inda takardar tuhuma ke zuwa a kan kuɗin da aka kashe shekaru da suka wuce. Wanda ya sa hannu an yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, baucocin suna cikin sito gara ta ci rabi. Sai a ce mu ƙananan ma'aikata mu haɗa amsa, a ɗauke ta a mota a kai, a dawo a ce an wuce wurin. Ban taɓa ganin an dawo da kuɗi ba, ban taɓa ganin an rage wa wani girma ba.

Ku dubi na sama ma. A 2025 kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Aliyu Wadada ya nemi kamfanin mai na ƙasa, NNPCL, ya yi bayanin naira tiriliyan 210 a cikin asusunsa na 2017 zuwa 2023. Kwamitin bai ce an sace ba, cewa ya yi lissafin bai fito ba. Amma ku lura da shekarun: ana tambayar 2017 a 2025.

Ɗan kasuwa, Illela:
Hajiya gaskiyarki. Mu nan tun Nuwamban 2019 da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka muka saba da 'yan bumburutu. Duk abin da aka ƙara a famfo, a galan ninkawa yake yi.

Ɗalibi, Tambuwal:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ba duk 'yan majalisa ne suka yi shiru ba. A Disamban 2025 wakilinmu na Kebbe da Tambuwal, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren Majalisar Wakilai ya ce dokokin harajin da aka buga a gazet sun bambanta da waɗanda suka amince da su. Majalisar ta kafa kwamiti, daga baya aka ba da umarnin a sake bugawa. A makaranta mun kwana muna gardama a kai.

Tsohuwar akanta, Arkilla:
Ɗana, ya kyauta, amma wannan ya ƙara mini tsoro ne. Idan rubutun doka kansa sai an tsaya an gwada kwafi da kwafi, ina ga rasit ɗin kwalta? Malam, tunda kai ka buɗe zancen, nemo mana sashen da ya yi maganar kashi 5 ɗin a kwafin da aka sake bugawa, mu ga ko ya ambaci asusun da kuɗin za su shiga da rabon jihohi kamar na 2007.

Malamin makaranta, Runjin Sambo:
To Hajiya, zan nema in sha Allahu. Kafin nan, akwai mai gidan burodi ko mai injin niƙa a cikinmu? Ba mu ji daga masu dizal na cikin gari ba.