Waɗanda suka kalli fim ɗin Chaplin na 1940, ina ne ya fi ba ku dariya?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. A daren jiya na kalli The Great Dictator, fim ɗin da Charlie Chaplin ya yi wa Hitler shaguɓe da shi tun yana kan ganiyarsa, lokacin da Amurka ba ta ma shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba. Na yi dariya har da hawaye a wurin da Hynkel, wato Hitler na cikin fim ɗin, mai mulkin kama-karya na ƙagaggiyar ƙasar Tomainia, yake jawabi da Jamusancin ƙarya, yana kumfar baki har makirufo yana lanƙwashewa don tsoro, shi kuwa tafinta yana taƙaita wannan ruwan bala'i cikin sanyin murya. Ina so in ji yadda ya kasance muku.

Wata malamar tarihi: Wa alaikumus salam. Na nuna wa ɗalibaina shi bara, kuma ajin ya kaure da shewa a inda Hynkel da baƙonsa Napaloni, wato Mussolini shugaban Italiya, suka zauna a kujerun aski, kowa yana ta ɗaga tasa domin ya dubi ɗan'uwansa daga sama, har suka kusa taɓa rufin ɗaki. Daga baya wata ɗaliba ta ce mini sai ranar ta gane irin ƙawancen da ke tsakanin mutanen nan biyu.

Wani dattijo: Malama, ni inda Hynkel yake rawa da balan-balan mai zanen duniya ya tsaya mini a rai. Jikokina suna ta ƙyaƙyatawa, amma da balan-balan ɗin ya fashe masa a hannu sai na ji jikina ya yi sanyi.

Wani ɗalibin jami'a: Baba, ni ma haka na ji a ƙarshe, inda aka ɗauki wani wanzami Bayahude a matsayin Hynkel saboda kamar da suka yi, ya hau dandamali ya yi doguwar huɗuba a kan 'yanci. A ganina huɗubar ta rage armashin fim ɗin, ko da yake abokin da muka kalla tare ya yi ta musu da ni har muka rabu.

Malamar tarihi: Chaplin da kansa ya rubuta a 1964 cewa da ya san abin da ake aikatawa a sansanonin 'yan Nazi, da bai iya yin fim ɗin ba. Wannan na karanta wa ɗaliban bayan sun gama dariya.