Lambar da ke jikin taya, a yarda da ita kuwa?

Direban_Sharon: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina jigila tsakanin Kano da Gusau. Bara na sayi tayoyi biyu masu Treadwear 500 a jiki, wato lambar ƙarkon taya, mai shagon ya rantse min sun fi masu 300 da nake sawa ƙarko. Wata bakwai suka suɗe, tsofaffin kuwa sai da suka kusa shekara. Cutata aka yi ko lambar ce banza?

Baba_MaiFaci: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka zagi mai shago, yaushe rabon ka da alaimen, wato saita ƙafafun mota? Shafa tayar da hannu. In gefe ɗaya ya ci, ƙafar motar ce. In gefe biyu suka ci suka bar tsakiya, iska kake ragewa, ga lodi. Lamba ba ta san buhun masara nawa ka ɗora ba.

Injiniya_Zariya: Baba ya yi gaskiya, amma lambar ma da nata. Tsarin gwamnatin Amurka ne, sai dai kamfanin da ya ƙera tayar shi ke ba ta maki. Ana tuƙa ta kimanin kilomita 11,500 a wata hanya a jihar Texas, a gwada cinyewarta da ta wata tayar ma'auni, sauran duk kintace ne. To 500 ɗin wannan kamfani da 300 ɗin wancan ba mudu ɗaya aka auna su ba. In kamfani ɗaya ne, nan kam lambar tana da ɗan amfani.

Traction kuma, wato makin riƙon titi da ke jikin tayar, AA zuwa C, gwajin birki ne kawai a miƙe a kan jiƙaƙƙen titi. Ba ruwansa da kwana, ba ruwansa da busasshiyar kwalta. Ni Temperature, wato makin jure zafi, nake fara dubawa. Mai makin A na jure gudun da ya haura kilomita 185 a awa, C kuwa tsakanin 137 da 160, kuma da cikakkiyar iska, ba lodin wuce kima. A zafin watan Afrilu ba na sa C a motata ko kyauta ce.

Hajiya_Fati: Malam, sabbi ne ko 'yan Kwatano? An taɓa sayar wa maigidana taya zane raɗau, ashe ta ƙanƙara ce, mai hoton dutse a jiki. Robarta laushi gare ta, kwaltarmu ta cinye ta nan da nan. Duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a jikin tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2019.

Direban_Sharon: Hajiya, sabbi ne a leda, amma yanzu na leƙa da tocila, 4120 na gani. Baba, gefen ciki ne ya ci, har waya ta fara leƙowa a ta hagu. Gobe da sassafe sai wajen alaimen kafin in ɗau layi.