Neman shawara: a ina ake sa kalmar "short" a Turanci?

Ɗalibar SS2: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na rubuta "The market is short from our house", ina nufin kasuwa na kusa da gidanmu, sai aka ja mini layi da jan biro. Ba "short" ne gajere ba? Don Allah a warware mini kafin jarrabawa.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gajere ne, amma tafiyar ce gajera, ba kasuwar ba. Ko a Hausa ai ba ma cewa kasuwa gajera ce daga gida. Kalmar tana raɓar abin da ake aunawa, wato tsawo, ko tazara, ko lokaci. Sai ki ce "It is a short walk to the market" ko "The market is a short distance from our house". In wurin kansa kike son ki ce yana kusa, "near" ko "close to" za ki ɗauko: "The market is near our house". A lokaci ma haka ne: "a short meeting", taron da bai ja ba.

Mai fassara: Ki kula da kishiyarta, don guda biyu ce. Igiya, hanya, wasiƙa da hutu, kishiyarsu "long". Mutum kuwa "tall" ne, kada ki ce "a long man" don muna cewa dogon mutum. Katanga tana rikita mutane sosai: wadda ba ta yi sama ba, wadda yaro zai iya leƙawa ta kanta, "low wall" ce. Wajen kwatanci "shorter" da "shortest" ake cewa, ban da "more short".

Malama mai koyar da rubutun insha'i: 'Yata, ga wanda ya fi jawo asarar maki. "Shortly" ba a taƙaice yake nufi ba, nan ba da jimawa ba ne: "He will arrive shortly". A taƙaice shi ne "in short". Akwai kuma "short of", wato ƙarancin abu: "We are short of water", ruwanmu bai isa ba. "Brief" yana maye gurbin "short" a kan jawabi ko ziyara, amma ba ya hawa kan mutum ko igiya.

Ɗalibar SS2: Na gode malamai, Allah Ya ƙara ilimi. Na mayar da ita "The market is near our house".