Idan mawaƙi ya sauya salo: abin da aka tattauna a Jekadafari

Daren Asabar, a teburin mai shayi a unguwar Jekadafari da ke Gombe, wani matashin mawaƙi ya kawo kukansa. Shekara shida yana waƙar biki da kalangu, bana ya koma situdiyo da fiyano da na'urar gyaran murya, sai tsofaffin masoyansa suka ja baya. Wata hajiya da ta saba gayyatarsa har cewa ta yi muryarsa ta koma kamar ta rediyon da batirinsa ya yi sanyi.

Shawarar da ta fi yawa ita ce kada ya yar da kalangun gaba ɗaya. Wani dattijo ya ce masa, “Ɗana, Shata har ya rasu a 1999 da kalangu aka san shi, Ɗan Maraya Jos kuma da kuntigi. Kai da me za a gane ka?” Ni ma nan na fi karkata. Mai sauraro yakan yafe sabon kiɗa muddin ya ji amshin da ya saba da shi, ya kuma ji kalmomi daram, ba kiɗa ya danne su ba.

Wasu suka ce ya raba ƙafa: a gidan biki tsohon salo, a TikTok sabo. Wani kuma ya ce ya daina zagin masu ƙorafi, don su ne suka yi masa liƙi tun ba shi da komai.

Mai shayin dai cewa ya yi ya fara dawo da makaɗinsa da ya sallama tukuna.