Idan Kano ba ta faɗi a 1903 ba: me ke sa masu karatu ajiye labarin?

Ɗan Dala:
Jama'a, a labarin da aka juya tarihi aka ce iskokin Tsumburbura ne suka kori Turawa daga ganuwar Kano, me ya fi ɓata wa masu karatu rai? Aljanun ne, ko taɓa tarihin?

Malamin Tarihi:
Ba aljanun ba ne, malam. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo ba ya gardama da dodo. Kuskure a abin da aka sani shi ke kashe labari. A Fabrairun 1903 Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato, kuma sai da rundunar Morland, jagoran sojan Turawa, ta ci Bebeji kafin ta iso Kano. In ka ɗora Alu kan ganuwa ba tare da ka faɗi abin da ya hana shi tafiya ba, Bakano zai kama ka a shafin farko. Ka canja abu ɗaya tak, sauran su biyo shi. A lokacin, ciniki a kasuwar Kurmi da kuɗin wuri ake yi, ba sule ba, jirgin ƙasa kuwa sai 1911.

Bazazzagiya:
Akwai wani ramin kuma. Tarihin Kano ya ce Sarki Tsamiya ya rushe wurin tsafin Tsumburbura tun ƙarni na 14, wato kusan shekara ɗari shida kafin zuwan Turawa. To wa ya ci gaba da kai baƙin bunsuru da baƙar kaza a ɓoye? Zuriyar Barbushe, shugaban matsafan Tsumburbura? A wace unguwa, kuma ta yaya suka ɓoye wa malamai bayan jihadi? Babi guda ya isa a amsa wannan, amma dole a amsa.

Sai batun imani, inda aka fi yin ca a kan marubuci. In iskokin suka fito a matsayin masu ceto kyauta, za a ce ka tallata shirka. Ka sa musu farashi mai ciwo: duk harin da suka tare, rijiya ɗaya ta ƙafe a birni, ko ɗan fari ya zauce. Sannan a samu alƙali ko limamin da ya ƙi yarda, kuma hujjarsa ta yi ƙarfi.

Ɗan Dala:
Ranki ya daɗe, to bindigar Maxim, mashin-gan ɗin Turawa, fa?

Bazazzagiya:
Bar ta ta ci mutane. In harsashi ya zama ruwa tun karon farko, babu sauran fargaba, mai karatu zai tsallake zuwa babin ƙarshe.