Neman kalmar Hausa: me za mu kira "peloton" na masu keke?

1/ Jama'a barkanmu da warhaka. Kowace Asabar bayan sallar asuba mukan fita da kekuna, mu goma sha wani abu, mu bar Kano ta hanyar Gezawa mu juyo daga wajen Jogana kafin rana ta take. Abin da ya dame ni shi ne sanarwar fitar. Kullum da Turanci muke rubuta ta, saboda mun rasa sunan da za mu ba wannan tafiya da kuma dunƙulewar da muke yi a kan titi. Masu tseren keke suna ce mata "peloton".

2/ Kalmar ta Faransanci ce, asalinta ɗan curin zare. A gasar Tour de France da aka fara a 1903, da Tour du Faso ta Burkina Faso da aka fara a 1987, ita ce sunan babban taron mahaya da ke tafiya a manne da juna. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya tuna mini cewa a Faransanci har ƙaramin rukunin sojoji haka ake kiransa.

3/ Kafin a raɗa suna sai a san yaron. Dunƙulewar nan dalilinta iska. Ranar da hunturu ya taso daga arewa maso gabas, idan muka nufi Gezawa a fuska yake dukanmu. Na gaba shi ke shan wahalar. Wanda ya laɓe a bayansa, tayarsa ta gaba kusa da tayar bayan ɗan'uwansa, ƙarfin da yake kashewa kan ragu da kusan kashi 30 cikin 100. In na gaba ya gaji sai ya kauce gefe ya sulale zuwa baya, wani ya karɓa. Ranar farko da na shiga bayan wani dattijo mai tsohuwar Raleigh, ji na yi feda ta yi sauƙi kamar an canja mini giya, alhali ban taɓa komai ba.

4/ Ga kalmomin da aka kawo mini. Tawaga: ita aikenta ake yi, da saƙo da wanda ya tura ta, mu kuwa ba wanda ya aike mu. Garke na dabbobi ne. Runduna tana ɗauke da ƙanshin yaƙi. Kwamba ta zama ta motocin manya da jiniya. Gungu bai yi laifi ba, sai dai gungu yana iya zama a tsaye a gindin bishiya, babu tafiya a cikin kalmar.

5/ Jerin gwano ta fi ba ni wahalar ajiyewa, don hotonta daidai ne: ɗaya bayan ɗaya, babu mai fita layi. Haka muke yi in titi ya matse ko tirela ta taho. Amma wannan fasalin jeri ɗaya ne kawai, wani lokacin bibbiyu muke tafiya muna hira. Ina ganin mu bar ta a matsayin umarni: in na gaba ya ce "jerin gwano!", kowa ya koma layi ɗaya.

6/ Wadda na tsaya a kanta ita ce ayari. Fataken da suka riƙa tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, har kasuwar Salaga da ke Ghana ta yau, ba don sha'awa suke haɗuwa ba. Hanyar watanni ce, mutum ɗaya ba ya iya ta. Suna da madugu mai yanke lokacin tashi da wurin sauka, suna da jagaba da ya san hanya, suna da zango. Unguwannin Zango na Kumasi da Accra daga nan suka samo suna. Duba yadda kayan aikin suka zo mana a haɗe: mai tsara fita shi ne madugu, wanda ke gaba yana sara iska shi ne jagaba, inda muke tsayawa shan ruwa da ƙosai shi ne zango. Ko a tseren kwanaki, abin da Faransawa ke kira "étape" zango ne tsaf.

7/ Wani malamin Hausa ya yi mini gyara, kuma gaskiyarsa. Ya ce a gasa, in ka gaza, taron wucewa yake ya bar ka, ayari kuwa ba ya yar da nasa a daji. Na yarda. Shi ya sa ma kalmar ta fi dacewa da irin fitarmu. Makonni biyu da suka wuce tayar wani yaro ɗan sakandare ta sace a tsakanin gonakin dawa, babu mai faci kusa. Duka muka tsaya. Ɗaya ya fito da famfo, ɗaya da gam da faci, aka tofa yawu a tub har aka ga inda yake kumfa. Minti ashirin muka ɓata, ba wanda ya yi tsaki. Don haka na 'yan gasa a ce gungun 'yan tsere, namu kuma ayarin keke.

8/ Saura ɗaya ban samu ba: sunan wanda ke zama a ƙarshen layi da gangan don kada a bar kowa. An ce ƙurar baya, amma wannan gori ne ga wanda aka tsere wa, shi kuwa aiki yake yi. Mai kalma ya taimaka mana. Sanarwar wannan makon dai na riga na rubuta ta: ayari zai tashi ƙarfe 6:30, zango a Jogana, kowa ya zo da hular kwano da gorar ruwa.