Wai da gaske ne ƙwaƙwalwar samari bata gama nuna ba?

Maman Sadik, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare na kalli wani shiri a talabijin kan ƙwaƙwalwar yara masu tasowa, ana saka yaro cikin injin MRI ana ɗaukar hoton kansa, suka ce ɓangaren dake bayan goshi, wanda ke sa mutum ya tsaya yayi tunani kafin ya aikata abu, baya gama girma sai wajen shekara 25. Wallahi sai na tuna ɗana, shekararsa 15, jarrabawar BECE na gabansa amma dare baya barci safe baya tashi, asuba kullum sai na buga ƙofa har hannuna yayi zafi. Gaskiya ne ko turawa ne ke nema wa yara uzuri?

Nas Hawa:
Wa alaikumus salam Hajiya, gaskiya ne. Ɓangaren dake son daɗi da saurin fushi yana riga na goshin nuna, kamar mota ce mai ƙarfin inji da birkin da bai gama kamawa ba. Maganar barci kuma, in yaro ya balaga sinadarin melatonin dake kawo barci yana makara da kusan awa 2, ga shi yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Ki riƙa karɓar wayar ƙarfe tara, ta kwana ɗakinki.

Baba Asawase:
Ni dai ban yarda a maida wannan hujja ba, mu muna shekara 15 muna tashi makarantar asuba sannan mu tafi Kejetia taya iyaye kasuwa, ƙwaƙwalwar tamu daban ce?

Malam Ticha:
Baba ai lokacinku babu waya a ƙarƙashin filo, bayan isha'i gari yayi tsit. Abin da ya fi tsaya min a irin shirin nan shi ne maganar abokai, a Amurka an gwada samari da wasan tuƙin mota a kwamfuta, in yaro shi kaɗai ne yana tuƙi a hankali, da zarar abokansa na kallo sai ya fara ganganci, manya kuwa basu canza sosai ba. Na gani a ƙanina, a gida kamar ba zai iya kashe ƙuda ba, ranar da abokai suka zuga shi ya hau pragya, keken nan mai ƙafa uku, ya ja, a gwata muka tsinto shi da karyayyen hannu.

Maman Sadik, Aboabo:
Subhanallah, Allah ya kiyaye gaba. Yau zan fara da wayar, kuma Juma'a zan ce ya kawo min abokan nasa gida suci tuwo in ga fuskokinsu.